Tambaya da Amsa: Littattafan Waɗanda Suka Zauna a Ƙuryar Duwatsu

Wasiƙu huɗu ne suka haɗu a wannan wata a kan magana ɗaya, wato littattafan da ake rubutawa game da zama a cikin tsaunuka masu nisa, inda babu kasuwa, babu asibiti, maƙwabci ma sai an yi tafiyar yini kafin a gan shi. Na taƙaita wasiƙun kamar yadda aka saba a wannan fili, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi a Zariya: "Assalamu alaikum, Malam. Na ga wani bidiyo na wani dattijo Bature yana gina ɗakin katako da hannunsa a bakin tafki, an ce ya yi shekara talatin shi kaɗai a dajin Alaska. Shin gaskiya ne, kuma me mutum zai ƙaru da shi idan ya karanta labarin wanda kullum aikinsa faskare da ɗiban ruwa?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Dattijon da ka gani shi ne Richard Proenneke, wanda aka haifa a jihar Iowa ta Amurka a 1916, ya rasu a 2003. Ya yi aikin kafinta a rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zama makanikin manyan injuna a tsibirin Kodiak. A daminar 1967 ya je bakin wani tafki da ake kira Twin Lakes, a tsakiyar duwatsun kudu maso yammacin Alaska, ya sare itatuwa, ya feƙe ɓawonsu, ya bar su su bushe, sannan ya dawo a watan Mayu na 1968 ya fara gini yana da shekara sama da 50. Ɗakin bai wuce ƙafa 12 a faɗi da 16 a tsawo ba. Kawunan kayan aiki kawai ya zo da su domin rage nauyi, ƙotocinsu a can ya sassaƙa, har abin da ƙofa take juyawa a kansa da itace ya yi shi. Ya gina murhu da duwatsun da ya tsinto a wurin, ya lulluɓe rufin da gansakuka, ya kafa wani ɗan rumbu a kan dogayen sanduna domin kada dabbobin dawa su kai ga abincinsa. Bai bar wurin baki ɗaya ba sai a 1999, bayan ya haura shekara 80, lokacin da jikinsa ya daina ɗaukar sanyin hunturu.

To sai dai maganar "shi kaɗai" tana buƙatar gyara. Akwai wani matuƙin ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, Babe Alsworth, wanda yake zuwa daga ƙauyen Port Alsworth lokaci zuwa lokaci da garin fulawa, da wake, da sukari, da wasiƙu. Yayin da Proenneke yake gini, a ɗakin wani abokinsa da ke kusa yake kwana. Ya kuma riƙa fita wasu shekarun ya ziyarci danginsa, ga baƙi masu zuwa da damina, ga tulin wasiƙun da yake amsawa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutumin da kansa bai taɓa ɓoye wannan ba, domin ranar da jirgi ya sauka tana cikin manyan ranaku a kundinsa. Masu tallar bidiyo ne suke shafe matuƙin jirgin saboda labarin ya fi armashi idan babu shi. Haka kuma yankin yana da masu shi tun tale-tale, mutanen Dena'ina, waɗanda suka san hanyoyinsa tun kafin wani Bature ya taka shi.

Game da abin da za ka ƙaru da shi, ni a ganina faskaren da ɗiban ruwan da ka raina su ne gundarin littafin. Proenneke yana rubuta ma'aunin sanyi da safe, yana fasa ƙanƙarar tafki ya auna kaurinta, yana lissafa tumakin dutse da ya hango da tabarau mai hangen nesa da inda suka nufa, yana faɗin abin da ya ci. Yana da ƙullu mai tsami wanda yake rage kaɗan kowace rana domin ya tayar da na gobe, kamar yadda mai waina take yi da nata, kuma gwangwanin da mai ya ƙare a ciki ba ya jefarwa, sai ya yanke shi ya mayar da shi mazubi. Idan ka karanta shafi ɗaya za ka ce babu komai, amma idan ka bi shi wata bayan wata sai ka fara sanin wurin kamar ka zauna a cikinsa, har ka riƙa jiran ranar da ƙanƙara za ta narke a saka kwale-kwale a ruwa. Mutum mai kula da aikinsa ne ƙwarai, kuma kular tana kama mai karatu.

Abu ɗaya ya kamata ka sani kafin ka saya. Littafin da ya yi suna, One Man's Wilderness, wanda ya fito a 1973, abokinsa Sam Keith ne ya tsara shi daga kundin watanni na farko, kuma ya sa hannu a maganar, ya yi mata kwalliya. Proenneke bai ji daɗin haka ba, shi ya sa da aka zo buga sauran kundayensa daga baya, a ƙarƙashin kulawar wani masanin tarihi na hukumar gandun daji da ke kula da yankin mai suna John Branson, aka bar kalmominsa yadda ya rubuta su. Na farkon ya fi sauƙin shiga, amma idan muryar mutumin kake so, na baya za ka nema.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta a Maraɗi: "Malam, barka da aiki. Duk irin waɗannan labarai da nake ji na maza ne. Babu mata ne a ciki? Sannan ta yaya za a tabbatar da gaskiyar abin da mutum ya faɗa alhali babu shaida a wurin sai shi?"

Malama, barka kadai, kuma tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi. Mata suna nan. Wadda zan fara ambata miki ita ce Elinore Pruitt Stewart, wadda ta yi aikin wankau da sharar gidaje a birnin Denver kafin ta tafi da ƙaramar 'yarta a 1909 zuwa wani wuri da ake kira Burntfork a jihar Wyoming, a gindin duwatsun Uinta, domin ta kula da gidan wani makiyayi mai suna Clyde Stewart. A lokacin akwai dokar da aka kafa tun 1862 wadda ta ba mutum damar ya kama eka 160 na filin gwamnati, idan ya zauna a kai ya raya shi shekara biyar ya zama nasa, kuma mace marar aure tana da wannan dama. Elinore ta kama fili, ta riƙa rubuta wasiƙu zuwa ga tsohuwar uwar ɗakinta a Denver, aka buga su a mujallar Atlantic Monthly a 1913, aka haɗa su littafi a 1914. A ciki akwai tatsar shanu, da yankan ciyawa da injin da dawaki suke ja, da tanadin abincin hunturu, da zuwa taya maƙwabta aiki a tafiya mai nisa. Akwai kuma rasuwar jaririnta, wanda mijinta ya yi wa akwati, ita da kanta ta karanta addu'ar binne shi saboda babu limamin coci a kusa. Wannan shafin kaɗai ya isa ya nuna miki mene ne nisa a wurin mace.

Yanzu ga maganar gaskiya. Elinore ta tsaya kai da fata a wasiƙunta cewa mace matalauciya gara ta kama fili da ta ƙare rayuwa a bakin bahon wanki a birni, kuma ta nuna kanta a matsayin hujja. Amma ta auri Clyde ba da daɗewa da isowarta ba, ta kuma jinkirta faɗa wa uwar ɗakin nata, sannan masu binciken takardun filaye sun gano cewa ta saki filin a 1912, surukarta ta karɓe shi. Ke nan hoton mace ita kaɗai da ta mallaki gona da ƙarfinta bai cika ba. Shin wannan ya mayar da littafin ƙarya? Ni ban ɗauka haka ba. Tatsar shanun gaskiya ce, sanyin gaskiya ne, kabarin yaron gaskiya ne. Abin da ta gyara shi ne matsayinta a cikin labarin, kuma a nan ne kusan kowane marubucin tarihin kansa yake sa hannu.

Dubi John Muir, haifaffen Sikotilan, wanda ya bi garken tumaki zuwa duwatsun Sierra Nevada na Kalifoniya a daminar 1869. Littafinsa a kan wannan tafiya bai fito ba sai a 1911, bayan shekara 42, lokacin da ya riga ya zama jagoran masu fafutukar kare daji, kuma ya sake rubuta bayanan nasa kafin a buga. Saboda haka idan kika ji shi yana yabon tsaunuka da dogayen kalmomi, ki sani dattijo ne yake ara wa saurayi baki. Inda na fi gaskata shi shi ne wuraren da babu abin yin ado. Gari ya ƙare musu, mai garken ya yi jinkirin kawo wani, suka yi kwanaki babu burodi sai naman tunkiya da shayi har naman ya gundure su. Makiyayin da suke tare yana rataye jakar nama a ƙugu, maiƙo yana ɗiga a wandonsa har wandon ya zama abin kallo. A ƙarshen tafiya aka ƙirga garke: tumaki 2,050 suka fita, 2,025 suka dawo, beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa mai gashi, ta kashe goma, maciji ya kashe ɗaya, ɗaya ta karye aka yanka, ɗaya ta ɓace, an sayar da uku, sun ci tara. Duk makiyayin da ya taɓa dawowa daga mashekari ya tsaya gaban mai dukiya ya san wannan lissafi, kuma ba a ƙirƙirarsa don ado. Sai dai Muir ɗin nan da ya ga kowace fure ya kasa ganin mutanen asalin wurin da idon mutunci, ya yi musu kalaman raini, har ƙungiyar kare muhalli da ya kafa a 1892, Sierra Club, ta fito a 2020 ta amsa wannan aibi nasa.

Ma'aunina ke nan, Malama: ina yarda da marubuci a kan abin da ya ƙirga, da abin da ya ci, da abin da ya rasa, ina kuma sa ido a kan abin da ya ce game da jarumtarsa da kuma mutanen da ya tarar a wurin.

Tambaya ta uku daga wani direba a Kumasi: "Malam, an ba ni labarin wani iyali a Rasha da suka ɓuya a daji har aka yi Yaƙin Duniya na Biyu aka gama ba su sani ba. Tatsuniya ce ko ya faru?"

Ya faru, ɗan'uwa. Iyalin Lykov ne, mabiya wata tsohuwar ɗariƙar Kirista da ta rabu da babban cocin Rasha tun ƙarni na 17 saboda ta ƙi karɓar canje-canjen da aka yi wa ibada. A shekarun 1930, lokacin da gwamnatin Kwaminis ta matsa wa masu addini, aka harbe ɗan'uwan maigidan, Karp, sai ya kwashi matarsa Akulina da 'ya'yansu biyu suka nausa cikin dajin Saibiriya, a duwatsun Sayan, wajen kogin Abakan. A can suka haifi wasu biyu, Dmitry da Agafia. Sai a 1978 wani jirgi mai saukar ungulu da ke neman wurin sauke masu binciken ma'adinai ya hango shuka a gefen dutse, a wurin da ke da nisan kusan kilomita 250 daga gari mafi kusa.

Wannan labari shi ne amsar duk mai ganin zaman dutse hutu ne, domin su ba su da matuƙin jirgi mai kawo gari. Tukwanen ƙarfen da suka zo da su tsatsa ta cinye, suka koma ga ɓawon itace, wanda ba ya zama a kan wuta. Tufafinsu daga zaren wata shuka irin ta rama suke saƙawa. Abincinsu dankalin Turawa ne da ake haɗawa da niƙaƙƙen hatsi da 'ya'yan shukar nan, sai abin da suka tsinta a daji, sai naman da Dmitry ya samo ta hanyar bin dabba a ƙafa har ta gaji, tunda babu bindiga. Shekara kusan 40 ba su ɗanɗani gishiri ba, kuma Karp ya ce rashinsa azaba ce. A farkon shekarun 1960 dusar ƙanƙara ta sauka a watan Yuni ta ƙone shukarsu, yunwa ta kama su har suka ci fata da ɓawon itace, Akulina ta riƙa barin rabonta ga 'ya'yanta har ta rasu a 1961. Irin hatsinsu, wani dangin alkama mai jure sanyi, ya ƙare ƙaf, sai tsiro ɗaya ya fito a cikin lambu. Suka kewaye shi da shinge, suna gadinsa dare da rana saboda ɓera, ya ba da ƙwaya 18, kuma daga waɗannan suka sake tara iri a hankali. A cikin wannan hali babban ɗan, Savin, bai yarda lissafin kwanaki ya kuɓuce musu ba, saboda ranakun ibada.

Uku daga cikin 'ya'yan sun rasu a jere a 1981, Karp ya bi su a 1988, Agafia ta zaɓi ta ci gaba da zama a wurin, ana kai mata taimako jefi-jefi. Abin lura shi ne su ba su rubuta littafi ba. Wani ɗan jarida, Vasily Peskov, shi ne ya riƙa ziyartarsu daga 1982 yana bugawa a jaridar Komsomolskaya Pravda, daga baya ya haɗa littafi. Ya yi aikin da tausayi, amma duk abin da duniya ta sani game da tunanin Agafia ta bakin baƙo ya biyo, kuma wannan shi ya kawo mu ga wasiƙa ta ƙarshe.

Tambaya ta huɗu daga wani tsohon malamin firamare da ke zaune a Jalingo: "Malam, Allah ya ƙara basira. A shekarun 1980, zamanin jihar Gongola, an tura ni koyarwa wani ƙauye a kan tsaunin Mambila, wanda sai an haye kogi a kwale-kwale daga Gembu sannan a yi tafiyar yini a ƙafa. Na yi shekara bakwai a can. 'Ya'yana suna matsa mini in rubuta, amma ni ban yi yaƙi ba, ban riƙe mulki ba, ban ga abin da zan faɗa ba. Ko akwai amfani?"

Baba, Allah ya ja da ranka, ya ƙara lafiya. 'Ya'yanka sun fi ka gaskiya a wannan karon. Babu ɗaya daga cikin mutanen da na ambata a sama da aka karanta shi don ya riƙe mulki, kuma wurin da ka zauna bai gaza nasu ba. Tudun Mambila yana da tsayin kusan mita 1,600 a mafi yawan sassansa, a yankinsa ne Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya da mita 2,419, kuma yankin bai shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Yawancin Hausawan Kano ko Sakkwato ba su san akwai inda ake kwana da bargo a ƙasar nan a tsakiyar bazara ba, ba su san hazon da yake rufe hanya har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa ba, abin da suka sani bai wuce ganyen shayin Kakara da maganar madatsar ruwan da aka daɗe ana alkawari ba. Abin da aka rubuta a kan duwatsunmu, daga Mambila zuwa Mandara har Abzin, mafi yawansa na matafiya ne da jami'an mulki da masu bincike, da harsunan Turai, tun daga Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe da ya ratsa Abzin a 1850. Da Hausa kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Shawarata ta farko ita ce kada ka fara da ranar haihuwarka da jerin kakanninka, domin a nan yawancin dattawanmu suke gajiya su ajiye alƙalami kafin su kai ga labarin. Ka fara da ranar da motar ta bar Serti ta fara hawan dutse bayan Mayo Selbe, abin da ke cikin akwatinka, da abin da ka gane ka manta bayan ka isa. Ka faɗi nawa ake biyan mai kwale-kwale a kogin Donga, da abin da ake yi idan ruwa ya cika ya ƙi hayuwa. Ka faɗi yadda albashi yake isowa, wane ne yake saukowa ya karɓo wa sauran, kwana nawa yake yi, da wanda yake ba ku bashin masara da gwaza kafin ya dawo. Ka faɗi inda kake samun kananzir da gishiri, da itacen da kake ƙonawa, da yadda ake shanya tufafi a wurin da ruwan sama yake shafe wata bakwai ko fiye. Idan yaro ya kamu da ciwo da dare, su wa suke ɗaukarsa, a kan me, zuwa ina? Wannan tambaya ɗaya za ta iya cika babi guda, kuma na tabbata kana da sunan wani yaro a zuciyarka tun kafin ka gama karanta ta. Inda ka tuna adadi ka rubuta shi, inda ka manta kada ka cike gurbin da ƙiyasi, domin mai karatu yana gane bambancin.

Shawara ta biyu ta fi wuya. Ka tuna kai ma baƙo ne a can, ko da yake shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, kuma an ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin da kai ka kira wahala, ga tsohuwar da ta haifi 'ya'yanta tara a wannan ƙauye rayuwa ce kawai, kuma da wuya ta yarda a kira garinsu ƙuryar daji, tunda a wurinta Jalingo ce take da nisa. Kada ka maimaita kuskuren Muir, ka yaba dutse ka manta mutanen da suka ɗauki akwatinka suka hau da shi. Ka rubuta wanda ya koya maka gaisuwa da harshen Mambila, da Bafulatanar da take kawo maka nono, da yadda Fulatanci ya zama harshen da kuke haɗuwa a kasuwa. Maganar gona da kiwo, wadda ta jawo zubar da jini a tudun fiye da sau ɗaya, ba za ka iya tsallake ta ba, amma ka tsaya a kan abin da idonka ya gani a zamaninka, ka ba kowane ɓangare bakinsa, ka kuma sakaya sunan duk wanda maganar za ta iya cutar da shi ko zuriyarsa.

Idan da hali, ka koma. Tsofaffin ɗalibanka yanzu dattawa ne, wasu iyayensu suna raye, kuma wayar da ke aljihun jikanka ta isa ta naɗi murya. Muna da misali a gida: tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa ba su da abin da ya kai shi, alhali tsohuwar ba ta yi yaƙi ba, ba ta riƙe mulki ba, aure da goyo da kasuwanci da zumunci ne mafi yawan abin da ta faɗa. Kai kana da abin da Mary Smith ba ta da shi, domin ka ci abinci ɗaya da mutanen shekara bakwai, kuma za su gaya maka abin da ba za su gaya wa mai bincike ba.

Game da yadda za ka zauna ka yi aikin, kada ka jira kwamfuta. Ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka ware lokaci ɗaya kullum, bayan asuba ya fi saboda hankali a kwance yake, ka rubuta shafi biyu ka tashi ko da maganar ba ta ƙare ba, domin gobe ka sami bakin zaren. Ka rubuta da Hausar da kake magana da ita, kalmomin Mambila da na Fulatanci ka bar su yadda suke ka yi bayaninsu a cikin jimla. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yanka zai buga maka a na'ura, ka kafa masa sharaɗi tun farko cewa zai gyara ƙa'idar rubutu amma ba zai sauya maka kalma ba, don kada abin da ya sami Proenneke ya same ka. Idan ka kammala babin hawan dutsen, ka aiko mana da shi ta adireshin da ka aiko wannan wasiƙa, za mu nema masa shafi a fitowar da ta biyo baya, in Allah ya yarda.